Tarihin Sihiri a Ƙagaggen Labari: Yadda Marubuta Ke Auna Abin da Mai Karatu Ya Sani

Duk marubucin da ya ɗauki alƙalami zai rubuta ƙagaggen labari da ya taɓa sihiri, ko tsubbu, ko bori, ko ƙungiyoyin asiri, akwai tambayar da ke jiransa tun kafin ya kammala babin farko: me mai karatu ya riga ya sani? Idan bayani ya yi yawa, labarin ya koma darasi, mai karatu ya gaji ya ajiye littafin. Idan kuma ya yi kaɗan, mai karatu ya ɓace a hanya, ya rasa dalilin da ya sa taurarin labarin ke tsoron abin da suke tsoro.

Matsalar ta fi tsanani a wannan fanni fiye da sauran fannonin adabi. Tarihin sihiri cike yake da ƙagaggun zantuka da aka daɗe ana maimaitawa har suka zauna a zukata kamar gaskiya. Saboda haka marubuci yakan haɗu da masu karatu iri biyu: wanda bai san komai ba, da wanda ya san abin a karkace kuma yana da yaƙinin cewa daidai ya sani. Na biyun ya fi wuyar sha'ani.

Matakan sani

Ana iya kasa sanin mai karatu zuwa matakai uku. Na farko shi ne sanin suna kawai, kamar yadda matasa da yawa suka san kalmar Illuminati daga Facebook da TikTok. Na biyu shi ne sanin yadda ake yin abin, kamar wanda ya tashi yana ganin ana wanke allo a ba mara lafiya ya sha, ko ana ɗinka laya a cikin fata. Na uku shi ne sanin tarihi: daga ina abin ya samo asali, wa ya rubuta a kansa, a wane ƙarni, kuma yaya ya sauya kafin ya iso ga mutanen yau.

Ba kasafai matakan ke haɗuwa a wurin mutum ɗaya ba. Kalmar Illuminati misali ce mai kyau. Asalinta wata ƙungiya ce da malamin shari'a Adam Weishaupt ya kafa a ranar 1 ga Mayu 1776 a garin Ingolstadt na yankin Bavariya a ƙasar Jamus ta yau, da nufin yaɗa ra'ayin fifita hankali da rage tasirin limaman coci a harkar mulki. Hukumar Bavariya ta haramta ta a 1784 da 1785, wato ba ta cika shekara goma a raye ba. Sai bayan juyin juya halin Faransa, a 1797, wasu marubuta biyu, Augustin Barruel da John Robison, suka ɗora mata alhakin abin da ya faru, daga nan sunan ya ci gaba da yawo. Marubucin da ya sa wannan kalma a labarinsa a yau ya sani cewa mai karatu zai zo da hoton mawaƙa da alamar ido ɗaya a kansa, ba hoton wasu malaman jami'a na ƙarni na 18 ba.

Umberto Eco: mai karatun da littafi ke ginawa

Marubucin Italiya Umberto Eco, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2016, yana cikin waɗanda suka fi zurfafa tunani a kan wannan tambaya. Malami ne a Jami'ar Bologna, kuma a wani littafin nazari da ya fitar a 1979 ya bayyana cewa kowane rubutu yana ɗauke da siffar mai karatun da yake nema, yana kuma taimakawa wajen gina shi yayin da ake karatu.

Ya gwada wannan ra'ayi a ƙagaggen labarinsa na farko, Il nome della rosa, na 1980, wanda ya gudana cikin kwana bakwai a wani gidan ibadar Kirista a shekarar 1327. A wani sharhi da ya rubuta daga baya, ya ba da labarin cewa abokai da editoci sun nemi ya rage shafuka ɗari na farko saboda nauyinsu, ya ƙi, domin a ganinsa wanda zai zauna a wannan gida na kwana bakwai dole ne ya saba da tafiyar hawainiyar wurin. A cikin sharhin ne kuma ya yi wa marubucin Italiya Emilio Salgari shaguɓe, cewa taurarinsa za su kasance suna gudu a daji maƙiya na binsu, ɗaya ya yi tuntuɓe da saiwar kuka, sai mai ba da labari ya tsayar da gudun ya shiga koyar da darasi a kan itacen kuka. Dabarar da Eco ya yi don guje wa haka ita ce sa labarin a bakin Adso, dattijo mai tuna abin da ya gani yana saurayi bai fahimta ba. Ta haka bayani ya zama ɓangaren halin mai ba da labarin.

A littafinsa na biyu, Il pendolo di Foucault, na 1988, ya shiga tarihin sihirin Turai kai tsaye. Labarin wasu editoci uku ne a wata maɗaba'a ta birnin Milan, Casaubon da Belbo da Diotallevi, waɗanda suka gaji da karanta rubuce-rubucen masu da'awar sanin asirai, suka yanke shawarar ƙirƙiro nasu babban makircin don wasa, da taimakon kwamfuta. Sun gina shi a kan tarihin mayaƙan Templar, ƙungiyar da aka kafa a Ƙudus wajen 1119, wadda Sarkin Faransa Philip na Huɗu ya sa aka kama 'ya'yanta a ranar 13 ga Oktoba 1307, Fafaroma Clement na Biyar ya rusa ta a 1312, aka ƙone shugabanta na ƙarshe Jacques de Molay a 1314. Wasa ya zama gaske sa'ad da masu da'awar asirin suka gaskata ƙirƙirar, har abin ya kai ga rasa rai.

Littafin yana da babi 120, an kasa su kashi goma bisa tsarin Kabbala, ilimin ɓoye na Yahudawa. Sunaye da littattafan da aka ambata a ciki sun yi yawa har marubucin Ingila Anthony Burgess ya ce littafin na buƙatar fihirisa. Sai dai Eco bai sa ran mai karatu ya san dukkansu ba. Yawan sunayen da kansa yana cikin jigon labarin, domin mai karatu ya ɗanɗani irin jirin da ke kama wanda ya fara ganin alaƙa tsakanin kowane abu da kowane abu. Abu ɗaya da ya tabbatar kowa ya gane shi ne wurin da Lia, abokiyar zaman Casaubon, ta duba takardar asirin da aka gina komai a kanta, ta nuna cewa jerin kayan da wani ɗan kasuwa zai kai wa masu saye ne kawai.

Dan Brown: bayyana komai

Marubucin Amurka Dan Brown ya bi hanyar da ta saɓa wa wannan a littafinsa The Da Vinci Code na 2003. Ya ɗauka cewa mai karatu ya san sunan Leonardo da Vinci da hoton Mona Lisa, ban da haka bai san komai ba. Sai ya raba labarin zuwa gajerun babuka fiye da ɗari, ya ajiye wata tauraruwa, Sophie Neveu, a matsayin mai tambaya, masana biyu, Robert Langdon da Leigh Teabing, suna yi mata bayani daki-daki. Duk abin da aka faɗa wa Sophie, mai karatu ake faɗa wa. Dabarar ta ci kasuwa: an sayar da kwafi sama da miliyan 80, aka kuma mayar da littafin fim a 2006.

Inda aka samu matsala shi ne shafin farko, wanda ya gabatar da wasu abubuwa a matsayin tabbatacciyar gaskiya, ciki har da cewa ƙungiyar asiri mai suna Priory of Sion ta wanzu tun 1099. A haƙiƙa wani Bafaranshe, Pierre Plantard, shi ya kafa ƙungiyar a 1956 a garin Annemasse. A shekarun 1960 aka shigar da jabun takardu cikin babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a birnin Paris, masu ɗauke da jerin shugabannin ƙungiyar na ƙarya, ciki har da Leonardo da Vinci da Isaac Newton. A 1993 Plantard ya amsa a gaban alƙali mai bincike cewa ƙirƙira ce. Kafin nan wani littafi na 1982, The Holy Blood and the Holy Grail, ya riga ya yaɗa zancen a matsayin tarihi. Biyu daga cikin marubutansa, Michael Baigent da Richard Leigh, sun kai maɗaba'ar Brown ƙara a Landan a 2006 bisa zargin satar fasaha, kotu ta yi watsi da ƙarar.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, gwargwadon ƙarancin sanin mai karatu, gwargwadon ikon da marubuci ke da shi a kansa. Wanda ya fara jin labarin mayaƙan Templar daga bakin Teabing ba shi da ma'aunin da zai raba tarihi da ƙirƙira.

Lokacin da ƙirƙira ta tsere daga littafi

Tarihi ya nuna cewa illar hakan tana iya wuce ruɗani. A 1868 marubucin Jamus Hermann Goedsche ya fitar da ƙagaggen labari mai suna Biarritz, wanda ke da wani babi inda wakilan Yahudawa suka yi taron dare a maƙabartar birnin Prague suna ƙulla yadda za su mallake duniya. Daga baya aka cire babin daga littafin, aka riƙa buga shi shi kaɗai a matsayin jawabin gaske na wani malamin Yahudawa. Irin wannan zance ne ya share fage ga jabun takardar nan da aka ce ƙudurorin dattawan Sahyoniya ne, wadda aka fara bugawa a Rasha a 1903. A 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa an kwafi babban ɓangarenta daga wani littafin zambo na siyasa da Maurice Joly ya rubuta a 1864 a kan Napoleon na Uku, wanda babu ruwansa da Yahudawa. Tonon asirin bai hana 'yan Nazi amfani da takardar ba, kuma har yau ana buga ta a harsuna da dama.

Eco ya mayar da wannan tarihi ƙagaggen labari a 2010, ya kuma rufe littafin da wani ɗan bayani da ke shaida wa mai karatu cewa babban tauraron, Simonini, shi ne ƙirƙirarre, manyan sauran mutanen kuwa sun rayu da gaske.

Mai karatun Hausa

A adabin Hausa lissafin ya sha bamban, domin mai karatu yana da ƙarfi a mataki na biyu. Littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933 sun nuna haka. Abubakar Imam a Ruwan Bagaja da Bello Kagara a Ganɗoki sun shigo da aljannu ba tare da tsayawa bayyana ko su wane ne ba, domin mai karatu ya san su daga karatun addini da tatsuniya da hikayoyin Larabawa. A Jiki Magayi na John Tafida da East, ramuwar gayya ta hanyar asiri ita ce ƙashin bayan labarin, kuma babu wanda ya buƙaci a fassara masa dalilin da zai sa mutumin da aka ƙwace wa budurwa ya shiga duniya neman magani.

Rauni yana mataki na uku. Mutane da yawa sun san hatimi, sun ga murabba'in gida tara da kowane layinsa ke ba da jimillar 15, amma kaɗan ne suka san cewa wani malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina irin waɗannan murabba'ai, wanda masana tarihin lissafi ke ambato har yau. Ya kuma rubuta Al-Durr al-Manzum a kan ɗalasimai da taurari. Ya rasu a Alƙahira a 1741, yana baƙon Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti. Haka kuma sunan Shamsul Ma'arif sananne ne, ana danganta shi ga Ahmad al-Buni wanda ya rasu wajen 1225, alhali manazarta sun nuna cewa babban littafin da ke hannun mutane an harhaɗa shi ne ƙarnoni bayan rasuwarsa. Bugun ƙasa, mai siffofi 16, ya shiga Turai ne ta fassarar littattafan Larabci a ƙasar Andalus a ƙarni na 12, kamar yadda aka fassara Gayatul Hakim a 1256 bisa umarnin Sarki Alfonso na Goma, Turawa suka san shi da suna Picatrix.

A tarihin gida ma haka abin yake. Kusan kowane ɗan makaranta a Kano ya ji sunan Barbushe da Tsumburbura da dutsen Dala. Amma labarin Dirki, Alƙur'anin da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, wanda littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Alwali ya sa aka farke gab da jihadi, bai kai su shahara ba. Marubucin da ya ambaci Barbushe zai iya wucewa, wanda ya ambaci Dirki kuwa sai ya tsaya.

Bori ya fi kowanne rarraba masu karatu. Dattijuwar da ta tashi a Gobir ko Maraɗi ko Dogondutsi ta san girka, ta san cewa ana kiran namijin da iska ke hawa doki, mace kuma goɗiya, ta san bambancin Sarkin Rafi da Ɗan Galadima da Inna, da birnin iskoki na Jangare. Matashin birni mai karatu a waya, wanda ya tashi bayan shekaru na wa'azin yaƙi da bidi'a, musamman tun kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, mai yiwuwa abin da ya sani bai wuce abin da ya gani a fim ba. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa bori ya ƙetare Sahara tare da bayi, har A. J. N. Tremearne ya rubuta littafinsa na 1914 daga abin da ya tarar a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus.

Akwai kuma haɗarin cakuɗa abubuwa. Boka daban, ɗan bori daban, malamin tsubbu daban, wanda ake zargi da maita kuma daban. Labarin da ya haɗa su a tukunya ɗaya yana ƙara wa mai karatu ruɗani a kan al'amarin da ke da sakamako a zahiri, domin zargin maita ya sha jawo wa tsofaffi da mata da yara duka da kora, wani lokaci har da kisa.

Littafi ɗaya, masu karatu biyu

Sarraounia, littafin marubucin Nijar Abdoulaye Mamani da aka buga da Faransanci a Paris a 1980, ya nuna abin da ke faruwa idan masu karatu suka rabu biyu. Labarin Sarauniya Mangu ce ta garin Lugu, wadda ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Bayanan sojojin Faransa sun ambace ta a taƙaice a matsayin tsohuwar matsafiya. Mutanen yankin kuwa sun san Sarauniya a matsayin sarautar addinin gargajiya na Azna, wadda ake gado. Mamani yana rubutu ne ga Bafaranshen da bai san Azna ba, da kuma ɗan Nijar da makarantar boko ba ta koya masa wannan tarihi ba, sai ya fito da ita a matsayin jaruma mai jagorantar yaƙi. Fim ɗin da Med Hondo ya yi daga littafin a 1986 ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu a 1987. Siffar da mutane da yawa ke da ita ta Sarauniya a yau ta fi kusa da ta littafin fiye da ta bakin dattawan Lugu.

Hanyoyin da marubuta ke bi

Hanya mafi yaɗuwa ita ce sa baƙo a cikin labari, wanda jahilcinsa ke halatta tambaya. Aibinta shi ne idan aka sa masani yana faɗa wa masani abin da dukkansu suka sani, mai karatu zai gane cewa da shi ake. Gardama ta fi wannan armashi: malamai biyu da ke saɓani a kan halaccin rubutun sha za su fitar da tarihi da hujja ba tare da labarin ya tsaya ba. Wata hanyar ita ce nuna aiki da sakamakonsa a bar sunan ya bayyana kansa, domin wanda ya ga an kwana ana kaɗa garaya a kan mara lafiya zai gane girka ko ba a fassara masa ba.

Wasu sukan fitar da bayani daga cikin labarin gaba ɗaya. Marubuciyar Ingila Susanna Clarke ta sa bayanan ƙasan shafi kusan 200 a littafinta Jonathan Strange & Mr Norrell na 2004, a kan tarihin sihirin da ita da kanta ta ƙirƙiro, mai so ya karanta, mai gaggawa ya tsallake. Wasu kuma sukan sa jerin ma'anonin kalmomi ko ɗan sharhi a ƙarshe, mai raba abin da ya faru da abin da aka ƙaga.

Ma'aunin da editoci suka fi dogara da shi shi ne a ba mutum biyu rubutun kafin a buga, ɗaya masani ɗaya baƙo, a ga inda na farko ya ƙosa da inda na biyu ya ɓace. Abin da labarin ba zai tafi ba sai da shi, a bayyana shi sarai tun kafin a buƙace shi. Abin da ado ne kawai, ana iya barinsa a dunƙule.

Marubutan Hausa na yanzu suna da wata dama da na da ba su samu ba. Da yawansu suna sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad, ana kuma karanta shi da murya a YouTube, don haka tambayoyin masu karatu kan iso kafin a rubuta babi na gaba, marubuci ya gane inda ya taƙaita da inda ya zarce. Amma wannan hanya ita ce kuma ke sauƙaƙa yanke babi ɗaya a tura shi gaba babu sunan littafi babu sunan marubuci, kamar yadda aka yi wa babin Goedsche. Shi ya sa shafin da ke ɗauke da sunan wani malami na tarihi, ko wani gari, ko wata ƙabila, yake buƙatar a rubuta shi da tunanin cewa wata rana za a iya karanta shi shi kaɗai.